Gyaran da Ya Kwana Bakwai Kafin Ya Iso Laftof Ɗinka

Idan ana maganar afdet, ɗaliban makarantar nan kashi biyu ne. Akwai 'yan sabo dal, waɗanda da sun ji an ce wata manhaja ta fito da sabuwar lamba ba za su runtsa ba sai sun ɗora ta, ko da kuwa saura kwana uku su kare furojet. Akwai kuma waɗanda rabonsu da taɓa maɓallin sabuntawa tun ranar da suka sayo laftof ɗin, hujjarsu ba ta wuce "data ta yi tsada" da "abin da ke aiki a ƙyale shi" ba. Kowane ɓangare yana yi wa ɗayan kallon wanda bai waye ba. Ni kuwa a ganina abu ɗaya ne ya haɗa su: babu wanda ya san hanyar da gyara ke bi tun daga hannun wanda ya rubuta shi har zuwa lokacin da zai bayyana a allonka yana neman izinin shiga. Da sun sani, da na farko sun rage rawar kai, na biyu kuma sun rage tsoro.

Zan yi misali da Ubuntu, ba don ta fi kowa ba, sai don a fili take aikinta. Microsoft da Apple su ma suna da matakan da suke bi, amma a cikin gida suke yi, sai dai ka ga sakamako. Na Ubuntu kuwa duk mai intanet zai iya shiga Launchpad ya ga wanda ya kawo gyara, da wanda ya duba, da wanda ya ce bai yarda ba, da dalilinsa. Ga ɗalibin da ke son ya koyi yadda ake aikin manhaja na gaske, wannan lakca ce ta kyauta.

Kamfanin Canonical yana fitar da Ubuntu sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba, kuma lambar kowace fitowa shekara ce da wata: 22.04 ta Afrilun 2022 ce, 24.04 ta Afrilun 2024. Duk bayan shekara biyu, fitowar Afrilu takan zama mai dogon zango, wadda ake yi wa laƙabi da LTS, ana kula da ita shekara biyar kyauta. To daga ranar da aka saki fitowa, an rufe ƙofa ke nan. Manhajojin da ke cikinta sun tsaya a lambar da aka same su. Wanda ke kan 22.04 zai ga Python ɗinsa 3.10 ne, kuma haka zai ci gaba da gani har fitowar ta tsufa, alhali a waje an yi nisa. Wannan shi ne abin da ke ƙona ran 'yan sabo dal. Sai ka ji suna cewa Ubuntu ta cika jan ƙafa, kayanta duk tsofaffi ne.

Abin da ba su lura da shi ba shi ne, lambar ce ta tsaya, gyara bai tsaya ba. Idan aka gano wata ɓaraka a Python, ba sabuwar Python ɗin gaba ɗaya za a turo maka ba. Za a yanko ɗan abin da ya toshe ɓarakar ne kawai, a liƙa shi a jikin wadda kake da ita, kamar dai yadda mai faci ke yi wa tayar babur ɗinka. Ka kawo masa huda, ba zai ce sai ka canza inji ba. Dalili kuwa shi ne, sabuwar fitowar manhaja ba gyara kaɗai take zuwa da shi ba, tana zuwa da sababbin halaye, kuma sabon hali a wurin da mutane suka riga suka gina aikinsu a kan tsohon hali matsala ce, ko da halin mai kyau ne.

A nan ne ya kamata mu tambayi kanmu, su wa ke zaune a kan fitowa mai dogon zango? Wanda ya ɗora fitowar da ake kan ginawa ya san abin da ya shiga. Idan ta rushe masa zai iya ɗaga ta, wataƙila ma daɗi zai ji. Amma wanda ke kan LTS yawanci ba haka yake ba. Uwar garken wani kamfani ce, ko kwamfutar ofishin da ba shi da injiniya, ko ta mai bizines santa da abincinsa ya dogara da firinta ta yi aiki gobe da safe. Waɗannan ba su nemi sabon abu ba. Sun danna "sabunta" ne don an ce su danna, kuma sun yarda cewa wanda ya turo ya san abin da yake yi. Idan gyaran ya zama na gangar Auzinawa, ba su da yadda za su yi. Ubuntu ta taɓa ɗanɗana wannan tun tana ƙarama: a watan Agustan 2006, wani gyara da aka tura wa masu fitowar 6.06 ya hana allon hoto tashi a kwamfutocin mutane da yawa, suka wayi gari da baƙin allo mai rubutu zalla, abin da galibinsu ba su san yadda ake sarrafa shi ba. Ka tuna kuma a lokacin ba kowa ke da waya mai intanet da zai bincika mafita da ita ba.

Tsarin da suke bi yanzu, wanda suke taƙaita sunansa da SRU, ya ginu ne a kan zargin kowane gyara har sai ya wanke kansa. Da farko ma ba kowace matsala ake yarda a taɓa ba. Wadda ke lalata wa mutum fayil, ko wadda ke hana manhaja aiki sam, ko abin da yake aiki a fitowar baya ya daina a wannan, ko sa sababbin na'urori su yi aiki a kan LTS, irin waɗannan su ne ake saurare. "Launin maɓallin nan bai yi mini ba" sai ya jira fitowa ta gaba. Sannan dole ne a fara gyara matsalar a fitowar da ake kan ginawa kafin a dawo da gyaran baya, don kada mutum ya hau sabuwar fitowa ya tarar da ciwon da aka riga aka warkar masa yana jiransa a can.

Sai rubutu. Wanda ya kawo gyara dole ya cika rahoton matsalar da amsar tambayoyi uku. Ta farko: wa abin ya shafa, kuma yaya girman ɓarnar? Ta biyu: ta yaya wani, wanda bai san ƙunshin ba, zai bi mataki-mataki ya ga matsalar da idonsa, sannan ya ga ta kau bayan gyara? Ta uku ita ce ta fi burge ni: idan wannan gyaran ya ɓata wani abu, a ina ɓarnar za ta ɓullo? Kuma ba a karɓar "babu" a matsayin amsa. Idan ka rubuta cewa gyaranka ba shi da haɗari ko kaɗan, ka nuna ke nan ba ka zauna ka yi tunani ba, za a dawo maka da shi.

Ku tsaya a kan tambaya ta ukun nan, 'yan uwana masu furojet. Nawa ne a cikinmu ke taɓa lambobin manhajarsa da ƙarfe biyun daren da zai kare, yana cewa "ɗan layi ɗaya ne kawai"? Ɗan layin nan shi ne ke sa shafin shiga ya ƙi buɗewa a gaban malamai, mutum yana gumi yana cewa wallahi jiya yana aiki. Ƙanƙantar gyara ba ta taɓa zama shaidar lafiyarsa ba. A 2006 wani mai kula da ƙunshin OpenSSL a Debian ya cire 'yan layuka ƙalilan don ya kashe wani gargaɗi da na'urar bincike ke yi. Kusan shekara biyu babu wanda ya ankara, sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello ya gano cewa cirewar ta sa makullan sirrin da ake ƙirƙira a Debian da Ubuntu sun koma 'yan dubu talatin da wani abu kacal a kowane nau'i, abin da kwamfuta za ta iya gwadawa ɗaya bayan ɗaya cikin ɗan lokaci. Dole duniya ta zauna canza makullai. Garin neman gira aka rasa ido. Wannan ba ta ƙofar gyaran fitowa mai zaman kanta ya shigo ba, tun a wajen gini ya shiga, amma darasin ɗaya ne.

Bayan rubutu, sai gyaran ya shiga layi. Ba ya wucewa sai wani daga cikin tawagar SRU, wanda ba shi ya rubuta ba, ya karanta bambancin da ke tsakanin tsohon ƙunshi da sabo layi-layi. Idan ya ga an cusa wani abin da rahoton bai ambata ba, ko da gyaran rubutu ne da aka yi da kyakkyawar niyya, yana iya mayar da shi. Idan ya gamsu, ba ga jama'a zai sake shi ba tukuna. Akwai wani rumbu na gwaji da kwamfutarka ba ta leƙa shi sai in kai ka buɗe da hannunka, nan ake ajiye shi. A nan na'urori za su yi ta gwada shi da kansu, su kuma gwada sauran ƙunsoshin da suka dogara da shi don a ga ko ya taka wani. Sannan a rubuta a ƙarƙashin rahoton cewa ana neman wanda zai gwada. Mutum ne mai jini a jika zai sauke shi, ya bi matakan nan da aka rubuta, ya dawo ya faɗi lambar ƙunshin da ya gwada da abin da ya gani. "Ya yi aiki, na gode" ba ta wadatar ba.

Ko da an gwada an ce lafiya lau a rana ta farko, sai gyaran ya cika aƙalla kwana bakwai a rumbun gwaji. Mai faci ma ai ba ya mayar da tub cikin taya sai ya hura shi ya tsoma a ruwa ya ga ko zai yi kumfa. Kuma akwai wata ƙa'ida da ta ba ni dariya ranar da na fara jin ta, daga baya na ga hikimarta: ba sa sakin irin wannan gyara ranar Juma'a, ko Asabar, ko Lahadi, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Saboda me? Saboda idan ya fashe, masu ɗinke shi sun tafi hutun ƙarshen mako. Ina ma duk mai riƙe da fotal ɗin rajista a ƙasar nan zai rubuta wannan ya manna a bangon ofishinsa.

To ko bayan an sake shi, ba kowa ke samu a lokaci ɗaya ba. Ana fara ba wa kashi 10 cikin 100 na kwamfutoci. Akwai wata ma'ajiya da ke tattara rahoton duk manhajar da ta faɗi a kwamfutocin masu amfani da Ubuntu, idan sun yarda a aika. Duk bayan awa shida ana duba ta. In ba a ga ƙaruwar faɗuwa ko wata sabuwar matsala ba, sai a ƙara kashi 10, a haka har a kai ga kowa cikin kwana biyu da 'yan kai. In kuwa an ga alamar hayaƙi, sai a tsayar da rabon nan take, sauran jama'a ba su ma san an yi ba. Tun daga fitowar 21.04, apt da muke bugawa a taminal shi ma yana bin wannan tsari. Shi ya sa wani lokaci za ka ga ya ce maka akwai wasu ƙunsoshi da ya riƙe bai sauke ba, abokinka kuma na kusa da kai ya riga ya samu. Ba lalacewa kwamfutarka ta yi ba, layi ne bai zo kanka ba. Na sha ganin ɗalibai suna neman umarnin da za su tilasta saukewar, wai don jerin ya zama babu saura. Haba jama'a. An ce ka tsaya a bakin gada har a ga ko za ta ɗauki mota, kai kuma kana neman hanyar da za ka zagaye mai gadi.

Wanda ke ganin duk wannan ɓata lokaci ne, ya tuna ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024. Kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani ɗan fayil ga manhajarsa da ke zaune a can cikin ƙwaryar Windows, kuma ya tura wa kowa ne a lokaci guda. Cikin awa ɗaya da 'yan mintoci suka janye shi, amma aikin gama ya gama. Microsoft ta ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka faɗi da shuɗin allo. Jirage dubbai suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage ayyuka, bankuna da gidajen talabijin suka tsaya, kuma da yawan kwamfutocin sai da mutum ya je gabansu ɗaya bayan ɗaya ya goge fayil ɗin da hannu. Ba Windows ce ta tura gyaran ba, a yi mata adalci. Amma cikin alƙawuran da CrowdStrike ya yi bayan abin har da cewa daga yanzu zai riƙa sakin irin wannan fayil kashi-kashi. Wato dai abin da ake yi wa Ubuntu gorin jan ƙafa a kansa.

Sai labarin xz, wanda ya kamata kowane ɗalibin da ya ɗora Kali don a ce masa haka ya ji. Ita xz ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, tana cikin kusan kowace Linux. Wani da ke amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka wa aikin har aka amince da shi, sannan ya dasa ɓarauniyar hanya a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, a farkon 2024, wadda za ta iya ba shi damar shiga kwamfutocin mutane daga nesa. Ranar 29 ga Maris wani injiniya mai suna Andres Freund ya tona asirin, bayan ya lura cewa shiga wata kwamfuta ta ssh yana ɗaukar kamar rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Su wa gubar ta riga ta isa wurinsu? Masu bin sabo: reshen gwaji na Debian, da na Fedora, da openSUSE Tumbleweed, da Kali. Debian 12 da Ubuntu 22.04 ko ƙurarta ba su gani ba, domin suna zaune a kan "tsohuwar" xz. Ubuntu 24.04 da ake shirin fitarwa sai da aka ɗage fitowarta ta gwaji da mako guda aka sake gina ƙunsoshi. A gaskiya ba wayon masu dubawa ne ya ceci fitowa masu zaman kansu a nan ba, don babu wanda ya hango tarkon. Ƙa'idar nan ce kawai ta "ba ma karɓar sabuwar lamba don ta fito" ta sayo musu lokaci har wani ya gani. Amma ai lokacin shi ne duk abin da ake buƙata.

Kada a ɗauka ina cewa tsarin ma'asumi ne. A watan Disamban 2023, Debian na tsakiyar sakin fitowarta ta 12.3 aka gano cewa kanel ɗin da ke ciki, mai lamba 6.1.64, yana iya lalata bayanai a kan faifai mai tsarin ext4, wanda shi ne galibin mutane ke amfani da shi. Dole suka taka birki, suka ce kowa ya dakata da sabuntawa, washegari suka fito da 12.4. Kuma wannan kanel ne daga reshen da aka fi tsantseni a kansa, inda ƙa'ida ta ce gyara ba ya shiga sai ya riga ya shiga babban reshen Linux, kuma a bar shi a gaban masu dubawa kafin a sake shi. Duk da haka ya zille. Sannan jinkirin nan yana da farashi. Akwai matsalolin da an san maganinsu, an ma rubuta, amma gyaran yana kwance a layi makonni saboda masu dubawa ba su da yawa. Mai fama da matsalar ba ruwansa da hikimar tsari, shi dai sautin laftof ɗinsa ba ya fita. Ina jin zafinsa. Kuma wani zai ce, to kashi 10 na farkon nan fa, ba da su ake gwaji ba tare da sun sani ba? Eh, da gaskiyarsa. Sai dai sun samu abin da ya riga ya wuce idon mutum biyu ko uku ya kuma kwana bakwai a ruwa, kuma in ba a yi hakan ba, ai kowa ne zai zama zakaran gwajin dafi a lokaci ɗaya.

Wani abin da ya kamata a sani kuma, ba duk abin da ke sauka a Ubuntu ne ke bin wannan hanya ba. Firefox, tun daga 22.04, ta hanyar snap yake zuwa, kai tsaye daga Mozilla, da nasu tsarin gwajin. Rumbunan PPA kuwa, waɗanda muke ƙarawa don wani a YouTube ya ce a kwafi wannan umarni a manna, babu tawagar Ubuntu da ke duba su. Duk wanda ya buɗe PPA ka ƙara, ka ba shi ikon ɗora abin da ya ga dama a kwamfutarka da cikakken iko. Sai mutum ya jibga guda goma, tsarin ya rikice, ya fito yana cewa Linux ba ta da tabbas.

Yanzu bari in juyo kan ɗaya ɓangaren, don na ga suna murmushi kamar na ba su gaskiya. Ban ba ku ba. Duk wahalar nan da ake sha, ana yin ta ne don ku iya danna maɓallin nan hankali kwance. Kuma gyaran tsaro ma hanyarsa daban: tawagar tsaro ce ke shirya shi, sau da yawa a asirce kafin a sanar da duniya ɓarakar, ba ya jiran kwana bakwai a bainar jama'a, ba a kuma raba shi kashi-kashi. Dalili shi ne, ranar da aka sanar da ɓaraka, ranar ɓarayi ma suka ji. A watan Maris na 2017 Microsoft ta fitar da gyaran wata ɓaraka a Windows. Bayan wata biyu, a watan Mayu, WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 100, har da na asibitocin gwamnati a Ingila, tana neman kuɗin fansa. Magani yana nan ajiye wata biyu, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sha ba. Masu Windows 10 kuma su sani, tallafinta na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma laftof ɗin hannu da yawa da muke saye ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Kwamfutar da ke yawo daga hostal zuwa kafe, filas ɗin kowa na shiga jikinta, ba a barin ta haka.

Maganar data gaskiya ce, ba zan raina ta ba. Ɗalibin da ke lissafin ko ya sayi data ko ya sayi abincin dare ba za ka ce masa ya sauke megabait 400 don wani haɗarin da bai gani ba. Amma wannan matsala ce da ke da mafita a matakin sashe. Akwai wata ƙaramar manhaja, apt-cacher-ng, da ake ɗorawa a kwamfuta ɗaya a ɗakin gwaji. Duk ƙunshin da mutum na farko ya sauke, tana ajiye kwafinsa, na biyu da na hamsin su ɗauka daga wurinta ba tare da an sake taɓa intanet ba. Tsohuwar kwamfuta ɗaya da waya ko rauta sun isa. Ƙungiyar ɗaliban kwamfuta za ta iya tsayar da wannan cikin yini ɗaya idan sashe ya ba da ɗaki da soket, a sa rana ɗaya a mako kowa ya kawo laftof ɗinsa.

Abin da ya fi damuna dai shi ne wancan mataki na "ana neman wanda zai gwada". Duk ginin a kansa ya tsaya, kuma shi ne mafi rauni. Kwana bakwai ba su da amfani idan babu wanda ya leƙa. Gyaran da ya shafe sama da wata uku a rumbun gwaji babu wanda ya tabbatar da shi, cire shi ake yi, matsalar ta ci gaba da zama. To su wa ke gwadawa? Galibi mutanen da ke da sababbin kwamfutoci, da wuta ba yankewa, da intanet mai gudu. Mu kuwa namu HP da Dell ne masu shekara goma, batir ya mutu, wuta na ɗaukewa ana tsakiyar saukewa, modem ɗinmu wani iri, kuma muna son mu rubuta ɓ da ɗ da ƙ su fito daidai a allo da kan takarda. Idan wani gyara ya ɓata shimfiɗar madannai ta Hausa, ko ya sa wani tsohon katin wayales ya daina gani, wa zai lura a cikin kwana bakwai ɗin nan? Injiniyan da ke Landan ba shi da irin na'urarka, ba kuma ƙeta ce ta hana shi ba. Hatta ma'ajiyar rahoton faɗuwa, wadda ake dogara da ita wajen tsayar da rabo, ba ta ƙirga kwamfutar da mai ita ya danna "kada a aika" don tsoron data. Mun cire kanmu daga lissafi, sannan mu zo muna cewa ba a yi da mu.

Shi ya sa nake kira ga ƙungiyar ɗalibai da shugabannin sashen kwamfuta da a ware tsofaffin kwamfutoci uku ko huɗu, cikin waɗanda ke jibge suna shan ƙura, a mayar da su na gwaji. Ba laftof ɗin da furojet ɗinka ke ciki ba, don Allah, rumbun gwaji sunansa ke nan. A ɗora musu LTS, a buɗe asusun Launchpad, wanda kyauta ne, a riƙa duba jerin gyare-gyaren da ke jiran tabbatarwa. Ba sai ka iya rubuta manhaja ba. Matakan suna rubuce a cikin rahoton: ka bi su kafin gyara ka ga matsalar, ka sauke ƙunshin, ka sake bi, ka rubuta da Turancinka daidai gwargwado lambar ƙunshin, da irin kwamfutar, da abin da ya faru. Ɗalibin ND 1 zai iya. Idan ka ga ya ɓata wani abu, rahotonka kaɗai yana iya tsayar da shi kafin ya kai ga miliyoyin mutane, kuma sunanka yana nan a rubuce a wurin da kowa zai gani. Ranar da ka je neman gurbin SIWES ko aiki aka ce me ka taɓa yi, kana da adireshin da za ka nuna, ba takardar halartar taron bita ba. Malaman da ke neman aikin auna fahimta na semista ma ga shi a sauƙaƙe: kowane rukuni ya tabbatar da gyara ɗaya, ya kawo shaidar abin da ya rubuta da amsar da aka ba shi.